Daga gado zuwa zaɓi: addini a rayuwar samari da ƴan mata a kudancin Nijar, 1900-2015

Gabatarwa

Idan aka tayar da zancen addinin samari a Nijar, hankali yakan koma ga ranakun tarzoma: ta Maraɗi a watan Nuwamba 2000, ko ta Damagaram da Yamai a watan Janairu 2015. Rahotanni da yawa da aka rubuta bayan waɗannan ranaku tambaya guda suka sa a gaba, wato me ke tura saurayi ga tsattsauran ra'ayi. Tambayar tana da muhimmanci, amma ranakun tarzoma ba su taka kara sun karya ba a cikin shekaru fiye da ɗari. A sauran ranakun saurayi yana fama ne da abin da ya fi kusa da shi: wa zai yi masa aure, da wace sana'a zai ci abinci, yaya zai gai da mahaifinsa, bayan wane limami zai yi salla. A nan ne muke son mu duba addini.

Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa a cikin ƙarni na 20 addini ya tashi daga abin da saurayi yake gada a gidan ubansa, ya zama abin da yake zaɓa da kansa, har a tambaye shi hujja a kai. Wannan sauyi ya bi sawun wani sauyin, wato na hannun da ke riƙe da gona da kuɗin aure. Mun fi dogara ga misalin Katsinar Maraɗi da Gobir, domin a can ne bincike ya fi yawa, amma za mu riƙa waiwayar Arewa da Adar da Damagaram, da kuma Yamai idan zancen ɗalibai ya zo.

Ya kamata tun farko mu daidaita kalmomi. A ƙasar Hausa ba da shekaru ake auna samartaka ba, da aure ake auna ta. Mai shekara 30 da bai yi aure ba yaro ne a idon dattawa, ko kuma tuzuru. Mai shekara 20 da ya ajiye iyali ya shiga sahun magidanta. Budurwa kuwa ƙuruciyarta gajera ce, domin yawancin shekarun da namiji yake yi yana saurayi, ita a ɗakin miji take yin su. Saboda haka tarihin addinin matasa ba ya rabuwa da tarihin aure.

1. Zamanin gandu

Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe da jama'arsu sun yi arewa, suka zauna a Maraɗi wajen 1819 a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Sarakunan nan Musulmi ne, suna da limamai da alƙalai, amma sun tarar da manoma anna a cikin fadamar gulbi, kuma sun zauna da su bisa yarjejeniya. A fada kanta akwai sarautar mata mai kula da bori: Iya a Maraɗi, Inna a Tsibiri. A Arewa, Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji su ne ke riƙe da al'amarin ƙasa da iskokinta.

Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a ƙauyukan gulbin Maraɗi, ya nuna cewa a wurin anna kowane dangi yana da abin da ake kira gado. Gado ya haɗa sana'a, kamar noma ko ƙira ko farauta ko su, da iskokin da dangi ke yi wa yanka, da abubuwan da aka hana ƴan dangi ci ko aikatawa. Mai gida ne ke yin yankan a madadin kowa. Shi ne kuma ke riƙe da gandu, inda ƴaƴansa da ƙannensa suke noma a yawancin ranakun mako, sauran ranakun su yi nasu a gamana. A kansa ne ciyarwa take, da biyan haraji, da auren fari na kowane ɗa. Saurayin da ya ƙi yankan gida ya ƙi rumbun gida ke nan, ya kuma ƙi matar da za a aura masa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A gidajen Musulmi ma zaɓin a hannun uba yake. Uba ne ke ɗaukar yaro ya ba malami, malami ya tafi da shi gabas, Damagaram ko Barno, neman Alƙur'ani. Yaro ya zama gardi, ya yi shekaru yana tilawa yana noma wa malaminsa, ya sauke, sa'an nan ya komo a yi masa aure. Ba muna cewa mutanen wancan zamani ba su da imani na zuci ba ne. Abin da muke cewa shi ne ba a tambayar saurayi wace hanya ya bi, domin amsar tana rubuce a fuskarsa da sunan gidansu.

2. Hanya da kasuwa, 1900-1960

Turawan Faransa sun kama Damagaram a 1899, suka shimfiɗa mulkinsu a kudancin ƙasar a shekarun da suka biyo. Ba su zo da niyyar musuluntar da kowa ba, hasali ma kumandodi sun fi tsoron malami da ɗan bori. Duk da haka a zamaninsu ne salla ta game ƙauyuka. Dalilai uku muke gani.

Na farko, ƙarewar yaƙe-yaƙe ta sa mutane suka fito daga garuruwa masu ganuwa suka sari daji, suka kafa ƙauyuka nesa da wuraren yankan kakanni. Na biyu, lanho, wato harajin da aka wajabta biya da kuɗi, da noman gyaɗa da ya bunƙasa daga shekarun 1930 zuwa na 1960, sun sa kuɗi a hannun saurayi. Gyaɗar da ya noma a gamanarsa tasa ce, yana iya sayen riga da ita, yana iya tara ta don aure. Na uku shi ne ci-rani. Samari sun riƙa tafiya biɗa Kano da Jos da Kumasi, wasu don su sami na lanho, wasu don gudun aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. A zango kuwa mai masauki Musulmi ne, abokan ciniki Musulmi ne, wanda zai ba ka bashi yana duba ko kana salla. Saurayi ya tafi anne, ya komo da buta da tasbaha.

Kalmar da ake amfani da ita a ƙauye tana da ma'ana: cewa ake yi wane ya shiga salla. Abu ne da mutum guda yake yi, a gaban jama'a, sau da yawa ubansa yana raye yana kuma ci gaba da yankansa. Wannan shi ne karo na farko da aka ga ɗa da uba a gida ɗaya kowa da inda ya sa gaba. Ba kullum ne abin yake kai wa ga faɗa ba, domin da yawa sun haɗa biyu, su yi salla su kuma ba da akuyar yankan gida. Amma tsofaffin da suka rage a kan gado sun ji zafin abin. Daga irin kokensu ne, cewa salla ta ɓata kome, Adeline Masquelier ta ɗauko sunan littafin da ta fitar a 2001 a kan borin Dogon Dutsi.

A cikin Musulunci kansa zaɓi ya fara bayyana. Tijjaniyyar Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, wadda ta yi ƙarfi a Kano daga shekarun 1940, ta shigo garuruwan kudancin Nijar ta hanyar fatake da almajirai. Wuridi abu ne da mutum yake karɓa da bakinsa daga muƙaddami, ba uba ne ke karɓar masa ba. Ƙabalu kuma, wato ɗora hannu a ƙirji cikin salla, ya sa kowa yana iya gane mai sabuwar hanya a cikin sahu. Gardamar ƙabalu da sadalu ta shekarun 1950 ta riga Izala da shekaru da yawa, kuma wasu daga cikin zarge-zargen da aka yi wa ƴan Izala daga baya, na raina manya da raba sahu, an riga an yi wa samarin Faila irinsu.

Akwai kuma ƴan tsirarun da suka bi mishan. Ƙungiyar SIM ta zauna a Tsibiri a 1927, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Binciken Barbara Cooper ya nuna cewa da yawa daga cikin Kiristocin farko samari ne da suka yi aiki ko karatu a wurin mishan. Abin da ya fi wahalar da su shi ne abin da muka ambata a baya: wa zai ba su aure, kuma ina rabonsu a gonar gida.

3. Lakwal da samariya, 1960-1987

Lokacin da aka sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Iyaye da yawa sun ɗauki lakwal a matsayin wurin da yaro ke barin salla, har sukan ɓoye ƴaƴansu idan an zo ɗauka. Madarasar Sayi, wadda aka buɗe a 1957 don a haɗa Larabci da Faransanci, ƙoƙari ne na kwantar da wannan tsoro. Waɗanda suka kai kwaleji da lise suka shiga wata duniya: ɗakin kwana na makaranta, kuɗin tallafin karatu, da ƙungiyar ɗalibai ta USN mai ra'ayin gurguzu. Ga ɗan lakwal na wancan lokaci gwamnati ce ta maye gurbin uba, domin ita ce take ciyar da shi, ita ce kuma take ba shi aiki da zarar ya gama. Da albashin fari yake aure. Addini a wurinsa al'amari ne na gida da na ranar idi, wanda ba a cika kawo shi a muhawarar ɗalibai ba.

Sauran samari, waɗanda su ne mafi yawa, gwamnati ta biɗe su ta wata hanya. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Saini Kunce ya farfaɗo da samariya, tsohuwar ƙungiyar samarin gari mai sarkin samari da gayya da wasan dandali, ya mai da ita hannun gwamnati a kowace unguwa. A shekarar 1974 aka kafa ƙungiyar Musulunci ta ƙasa, AIN, a 1975 kuma ta mata, AFN. Ƙungiya guda ga samari, guda ga malamai, guda ga mata: wanda yake son wa'azi a fili sai ya bi ta ƙofar da aka buɗe. Gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ta nuna irin addinin da saurayin wancan zamani yake ɗauke da shi ba tare da jin wani saɓani ba. Ɗan kokowa yakan shigo fili da layu da guraye, malami ya yi masa rubutu, boka ya ba shi wanka, in ya yi kaye ya gode wa Allah.

Sai dai iyaka ba ta tare murya. Tafsirin Shehu Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna ana jin sa a Maraɗi da Birnin Ƙonni da Damagaram kamar yadda ake jin sa a Katsina. Kaset ya biyo baya, a cikin kayan direbobi da ƴan kasuwa.

4. Izala da rikicin ɗa da uba

An kafa Izala a Jos a 1978 a ƙarƙashin Malam Isma'ila Idris. Ta shigo Maraɗi a shekarun 1980, inda Malam Shu'aibu Ladan ya yi fice wajen karantarwa, Alhaji Rabe Ɗan Cadawa kuma ya tallafa da dukiyarsa. Ba ta sami rajista ba sai bayan zuwan dimokuraɗiyya, da sunan ADINI-Islam, a 1993.

Domin mu gane abin da ya ja samari gare ta, sai mu dubi halin da gida yake ciki a lokacin. Farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 sun karya noman da ke kawo kuɗi. Farin 1984 ya ƙara. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya yi rauni. A ƙauyukan da ke kewaye da Maraɗi daji ya ƙare, gonaki suka tsattsage wajen rabon gado, gandu ya watse kamar yadda Claude Raynaut ya bayyana. Uba ba ya iya yi wa ɗansa aure, amma bai daina jiran biyayyar da ake yi wa mai aurarwa ba. Kuɗin aure kuwa hawa suke yi: na gaisuwa, da sadaki, da lefe, da na maroƙa da makaɗa. Gwamnatin Kunce ta yi ƙoƙarin ƙayyade su, abin bai kama ba.

A wannan hali ne saurayi ya ji mai wa'azi yana cewa mafi albarkar aure shi ne mafi sauƙin sadaki. Cewa suna ba ya bukatar kiɗa da roƙo. Cewa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba su da asali. Cewa kuɗin laya da na duba ɓarna ce, har ma shirka. Cewa durƙuso ga ɗan Adam bai dace ba, sallama da musafaha sun isa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce yana taɓa aljihun saurayi ko gwiwarsa. Emmanuel Grégoire, wanda ya yi nazarin alhazan Maraɗi, ya lura cewa ƙananan ƴan kasuwa sun sami a cikin wannan wa'azi hujjar tattalin jarinsu, maimakon rabar da shi ga dangi da barori da maroƙa kamar yadda manyan alhazai suka saba. Dattawa su ma haka suka fahimci abin, shi ya sa zarginsu bai wuce biyu ba: rowa da rashin ladabi. A gidaje da yawa an ga ɗa ya ƙi bin limamin unguwa, ko ya ƙi zama a sadakar arba'in ta kakansa. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, in ji iyaye.

Amma zai zama kuskure mu tsaya ga aljihu. Da lissafin riba ne kawai, da da yawa ba su shiga ba, domin shiga Izala a shekarun farko tana jawo hasara: uba ya yi fushi, ubangida ya janye jari, a hana mutum ɗiyar da yake nema, wani lokaci a kai ga duka a ƙofar masallaci. Abin da ta bayar wanda babu mai bayarwa a lokacin shi ne karatu ga baligi. Tela ko makanike ko ɗan tebur da bai sauke Alƙur'ani yana yaro ba ya sami ajin dare, da allon bango, da littafi mai fassarar Hausa. Ya koyi tambayar aya da hadisi. Mutumin da lakwal ta kora tun daga firamare, makarantar allo kuma ba ta kai shi ko'ina ba, ya wayi gari yana iya yi wa wanda ya girme shi gyara. Wannan daraja ce da kuɗi ba su saye.

Sakamakon da ya fi daɗewa, a ganinmu, ya wuce yawan waɗanda suka shiga. Ƴan ɗariƙa sun mai da martani da irin makamin: suka buɗe makarantun Islamiyya, suka kafa ƙungiyoyin samari, suka cika kasuwa da kaset na kare mauludi da wazifa. Izala kanta ta rabu, aka sami Ihya'us Sunna da Kitabu was Sunna. Daga nan duk saurayin da ya tsaya a kan hanyar ubansa sai ya iya kare ta a gaban abokansa. Gadon ma ya koma zaɓi.

5. Ɓangaren ƴan mata

Duk abin da muka faɗa zuwa nan ya fi shafar maza. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, kuma jahar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi yawan haka. Ke nan ita mace tana yin nata zaɓin ne a tsakanin miji da uwar miji da kishiya.

A da, bori ne babban filin da matan aure da zawarawa suke da murya a cikinsa: wadda ciki ya ƙi zama mata, ko zaman gidan miji ya yi mata ɗaci, tana da inda za ta kai kuka. Cooper ta nuna yadda kulle ya yaɗu a Maraɗi a ƙarni na 20, ya zama alamar wadata da alamar cewa mace ba baiwa ba ce da za ta yi noma. Da makarantun matan aure suka buɗu daga ƙarshen shekarun 1980, sai hijabi da jakar littattafai suka zama izinin fita. Matar da ba ta zuwa kasuwa tana zuwa makaranta, ta haɗu da ƙawaye, ta koyi karatu, ta kuma ji abin da shari'a ta ba ta na ciyarwa da gado da sharuɗɗan saki. Malamai mata sun fito a rediyo da talabijin, irin su Malama A'ishatu Hamani Zarmakoy Dancandu, wadda Ousseina Alidou ta yi nazarin shirye-shiryenta.

Duk da haka wa'azin da ya sauƙaƙa wa ango bai sauƙaƙa wa amarya ba. Lefe da kayan ɗaki da gudummawar biki, waɗanda mai wa'azi yake kira almubazzaranci, su ne dukiyar mace. Da su take shiga gidan miji da mutunci, su take sayarwa ranar rashin lafiya, da su take fita idan aure ya mutu. Masquelier ta ga yadda matan Dogon Dutsi suka karɓi hijabi da makaranta amma suka riƙe gado da kwanoni. Zaɓinsu na tsinta ne: su ɗauki abin da ya ƙara musu daraja, su yi shiru a kan abin da zai rage ta. A fagen siyasa kuwa sau da yawa a kan jikinsu ake yin gardamar. Ƙungiyoyin addini sun tsai da dokar iyali a 1994, kuma a tarzomar Nuwamba 2000, wadda bikin nuna tufafi na FIMA ya tayar, masu zanga-zanga a Maraɗi sun kai hari gidan Iya da gidajen mata masu zaman kansu, tare da mashaya da coci.

6. Bayan taron ƙasa: addini da zaman jira

Taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya kawo ƙarshen tsarin ƙungiya guda. Ƙungiyoyin addini suka yawaita, gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗu daga tsakiyar shekarun 1990, wa'azin dare ya cika unguwanni. A daidai lokacin ne kuma uba na biyu, wato gwamnati, ya gaza kamar na farko. An daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu aiki, albashi ya riƙa makara watanni, shekarun karatu suka riƙa lalacewa saboda yajin aiki, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994.

A Jami'ar Yamai, inda a da USN ce kaɗai mai magana, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta AEMN ta sami gindin zama, masallaci ya zama wurin karatu da taimakon juna ga baƙon ɗalibi da ya zo daga ƙauye. Abdoulaye Sounaye ya bi diddigin yadda masu ilimin Faransanci suka fara wa'azi da Faransanci, suna son su nuna cewa ɗan lakwal ma yana iya zama mai addini. Abin da kakanni suka ji tsoro a 1960, cewa lakwal za ta raba yaro da salla, ya juye: a lise da jami'a ne da yawa suka fara tsayuwar dare da azumin Litinin da Alhamis, wani lokaci har su koma gida suna yi wa iyaye gyara.

A unguwa kuwa fada ce ta gaji samariya. Samari marasa aiki suna zama a kan benci kewaye da butar shayi, abin da su da kansu suke kira zaman kashin wando. A fada ɗaya ana jin waƙar rap da wa'azi daga salula guda, tabarmar salla tana jingine kusa da kurfoti. Masquelier, wadda ta fitar da littafi a kan fada a 2019, ta lura cewa samari da yawa suna ɗaukar cikakken riƙon addini abu ne da zai zo tare da aure. Wannan ya dace da abin da muka gani tun sashe na farko: magidanci ne ake jiran ya tsare sahu. To amma idan aure ya yi nisa har shekara 30, me zai riƙe mutum a tsakani? Ga wasu amsar ita ce salla a kan lokaci, wadda take yanka yinin da ba shi da aiki gida biyar, ta ba shi tsari. Ga wasu aikin agaji ne a ƙungiya, da kaki da muƙami. Ga wasu kuma haƙuri da ƙaddara ne, wanda ke hana mutum ganin kansa a matsayin wanda ya kasa.

Da wannan ido ya kamata a dubi 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin da zanga-zangar ƙin zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu, aka ƙone coci-coci da yawa. Fushin addini gaskiya ne, amma waɗanda suka fito sun fito ne daga shekarun jira, kuma a cikin waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci akwai samari Musulmi na unguwannin nan. Wanda ya karanta ranar ba tare da shekarun ba zai ɗauki saurayi mai gemu da ɗangalallen wando a matsayin haɗari, alhali sau da yawa mutum ne da yake neman hanyar aure mai sauƙi da karatun da ya kuɓuce masa.

Kammalawa

Abubuwa uku muka fitar. Na ɗaya, kowane sabon salon addini da samari suka runguma a kudancin Nijar, daga shiga salla zuwa ƙabalu zuwa Izala, ya zo ne a lokacin da wanda ke riƙe da aurensu ya yi rauni, ko uba ne ko gwamnati. Na biyu, wannan bai mai da imani lissafin kuɗi ba, domin kowane zaɓi an biya shi da tsada, kuma abin da aka samu, karatu da mutunci, ya wuce kuɗi. Na uku, tarihin maza da na mata ba su tafi kafaɗa da kafaɗa ba, har wani lokaci ribar wannan ita ce hasarar waccan.

Akwai aikin da ke jiran ɗalibanmu masu neman batun bincike. Waɗanda suka shiga Izala suna samari a shekarun 1980 yanzu su ne iyaye da kakanni, su ne ake nema wa ƴaƴansu aure. Nawa suke karɓa sadaki? Suna yarda ɗansu ya bi wata hanya kamar yadda su suka bi? Tsofaffin da suka ga shigar salla ƙauyukansu sun kusa ƙarewa, kaset ɗin wa'azi na farko suna ruɓewa a cikin akwatuna, rajistar kotunan sarakuna kuma cike take da ƙarar aure da gado da ba a karanta ta da wannan tambaya ba. A ƙasar da ƙidayar 2012 ta ba mutum fiye da miliyan 17, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba, sanin yadda kakanni da iyaye suka yi nasu zaɓin zai taimaka wajen fahimtar wanda ƴaƴa suke yi.